Tabarmin da Ke Rataye a Zauren Baba

Ranar da na sauka Beljiyam ana ruwa, irin yayyafin nan nasu da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Na tsaya a bakin tashar jirgin ƙasa da akwati biyu, ɗaya na sutura, ɗaya na kuka da daddawa da yaji, ina ta waige-waige ko wani zai zo ya ce mini sannu da hanya. Ba wanda ya zo. Ba mantawa aka yi da ni ba. Jami'a ta turo mini lambar buɗe ƙofa ta waya, a wurinsu kuwa an gama karɓar baƙo ke nan.

Da na samu ɗakin na kira gida. Baba bai tambaye ni jirgi ba, bai tambaye ni sanyi ba.

"Uwata, waye mai masaukinki?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Bilkisu.

"Baba, nan ba a yin mai masauki. Makaranta ce ta ba ni ɗaki."

"Makaranta mutum ce? In aka cuce ki, wa zai shige miki gaba?"

Na yi dariya na ce ai nan doka ce ke shige wa mutum gaba. Ya ce to, Allah ya sa dokar ta san sunanki.

Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Baba mai masaukin fatake ne a Birnin Gwari, kamar yadda kakana ya yi kafinsa. 'Yan Nijar masu sayen masara da dawa, mutanen Benin, Fulani masu shanu, duk a zaurenmu suke sauka. Shi ke haɗa su da manoman Tabanni da Gayam, shi ke tsaya musu in aka yi rigima a kan awo, in ɗan sanda ya tare su shi ake kira. Gidanmu kuma yana da wata al'ada. Baƙon da ya yi shekara uku yana zuwa ba a taɓa kama shi da ha'inci ba, sai Baba ya saya masa tabarma, a naɗe ta, a rataye a bangon zaure. Daga ranar ya zama ɗan gida, wanda ya taɓa shi ya taɓa Baba. Shi ma Baban yana da tasa a wani zaure a Birnin Ƙonni. Tabarma kuwa ba ta sauka daga bango sai da ɗayan biyu: ko mai ita ya zo zai kwana, ko labarin mutuwarsa ya zo.

Ni kuwa digirin digirgir na je yi, a kan yadda ƙasashen yanki guda suke haɗa kai a siyasance. Ban taɓa kawowa a raina cewa zauren Baba ya shafi wannan ba. Ko da na kawo, kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Wa zai tsallake teku ya tsaya gaban Turawa yana zancen tabarma?

Zangona na farko littattafai ne. Mai duba aikina, Farfesa Anneke, doguwar mace ce mai tafiya kamar an kira ta gobara. Ta ba ni jerin abin karantawa, na shige ɗakin karatu na yi wata shida kamar an binne ni. A nan na gane cewa fannin namu yaro ne, kusan sa'an Baba. Bayan yaƙin duniya na biyu aka haifi fannin, lokacin da ƙasashen Turai da suka gaji da kashe juna suka fara haɗa cinikin kwal da ƙarfe. Malaman farko suka ce haɗin kai kamar ban ruwa ne a lambu, in ka sake shi a fangali ɗaya zai malala zuwa na gaba: daga ciniki zuwa kuɗi, daga kuɗi zuwa doka, har a wayi gari iyaka ta zama zane kawai a takarda. Na bayansu suka ce a'a, linzami yana hannun gwamnatoci, ba abin da zai malala sai sun ga dama. Wasu kuma suka zo suka ce ku bar wannan gardama, ku dubi yadda mulki ya riga ya zama hawa-hawa. Duk faɗan nan a kan Turai ake yinsa. Mu sai a babin ƙarshe ake tunawa da mu, a ce mun sa hannu a yarjejeniya mun kasa cikawa.

Abin ya riƙa ƙona mini rai, amma ban ce uffan ba. A gidanmu ba a musu da malami. Ko ya ce maka rana daga yamma take fitowa, sai ka sunkuyar da kai ka ce to, Malam. Saboda haka duk abin da Farfesa Anneke ta faɗa sai in ce to. Wata rana ta ajiye biro ta dube ni.

"Bilkisu, wata takwas ke nan kina ce mini to. Har yau ban san abin da kike tunani ba."

Na fito ina gunaguni a zuciya. Wace irin mata ce wannan, ana girmama ta tana fushi?

Ga shi kuma lokaci yana tafiya. A ƙarshen shekarar farko kowane ɗalibi zai tsaya gaban kwamitin malamai uku ya kare abin da yake son bincikawa. In sun amince, ka ci gaba. In sun ƙi, tallafin karatu ya yanke, takardar zama ta mutu, ka tattara ka koma. A kwalejin da nake koyarwa a Kaduna kuwa akwai waɗanda suka rantse sanyi zai koro ni kafin shekara, kuma na san za su zo yi mini sannu da zuwa da haƙora a waje. Don haka na rubuta abin da nake zaton ake so. Na ɗauki mudun Turai na auna ƙungiyar ƙasashen yankinmu da shi, majalisarta da kotunta da sakatariyarta, na tarar ba mu cika mudu ba, kamar yadda kowa ya tarar kafina.

Zango na biyu mutum ne. Ɗan ƙasarmu ne, ya riga ni zuwa da shekara biyu, kullum cikin kwat da taye ko da shago za shi, shi ya sa zan kira shi Yallaɓai. Ya yi bautar ƙasa a Zariya, yana jin Hausa daidai ta gaisuwa da ciniki. Shi ya nuna mini inda ake sayar da doya da manja. Ranar da na ji ya ce mini "ina gajiya" a titin Turai, saura kaɗan in yi kuka. Na kira Baba na ce na samu mai masauki.

"Tun yaushe kika san shi?"

"Wata uku."

"Tabarma dai sai shekara uku, Uwata."

Ban ji ba. Na ba Yallaɓai rubutuna ya gyara mini Turanci. Bayan 'yan makonni aka yi taron masana a wani gari kusa da mu, na je na zauna a baya don in ga yadda ake yi. Sai ga Yallaɓai a kan dandamali, ga jadawalina a jikin allo, jerina, misalaina, har da wani kuskuren harafi da na yi a layi na huɗu. Aka tafa masa. Da na tare shi a bakin ƙofa, sai ya gyara taye ya ce, "Haba ƙanwata, ilimi ai na kowa ne." Wallahi ba don ina tsoron a kore ni daga ƙasar ba, da tayen nan zan shaƙe shi.

Farfesa Anneke ta yarda da ni, ta ce za a bincika, amma binciken zai ɗauki watanni, kwamiti kuwa saura mako shida. Sannan ta ƙara da maganar da ta fi satar ciwo.

"Abin da ya ɗauka, kowa zai iya rubuta shi. Shi ya sa ya ɗauku."

A daidai lokacin aka ɗauke sabis ɗin waya a Birnin Gwari saboda 'yan bindigar da ke daji. Mako ya wuce, na biyu ya wuce, ban ji muryar kowa ba. Ina buɗe labarai in ga sunan Kutemeshi, ko na wani ƙauye da na sani, in rufe, in sake buɗewa. Tuwon da nake tuƙawa da garin semo ya daina shiga. Ban taɓa jin kewar gida irin ta kwanakin nan ba, har ƙarar injin niƙa na unguwarmu da nake zagi sai da na yi marmarinta.

Malama Rifkatu ce ta cece ni. Ita ta koyar da ni a firamare, 'yar kudancin Kaduna ce, amma ta fi shekara talatin katangarmu ɗaya da ita, kuma shinkafar Kirsimetinta ba ta taɓa tsallake gidanmu ba. Ta bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Kaduna don tantance 'yan fansho, tana samun sabis ta kira ni.

"Bilki 'yata, kowa lafiya, ki daina ramewa, ina jin ramar a muryarki. Ga saƙon babanki na ɗauko miki, ga hoto."

A hoton Baba yana zaune a zaure shi kaɗai. A bayansa tabarmi ne jere a bango, duk sun yi ƙura. Malama ta ce baƙi sun daina zuwa. Da farko hanya ce ta hana su, daga baya kuma shugabanni suka yi faɗa aka rufe iyakar Nijar. An ce masa ya sauke tabarmin ya ba da hayar zauren, ya ce ba a aiko masa da mutuwar kowa ba.

Washegari da rana ina zaune a wurin shan shayi na ɗakin karatu, na tasa hoton a gaba ina sharar hawaye. Akwai wani tsoho da ke zuwa wurin kullum a kan keke, farfesa ne da ya yi ritaya tun da daɗewa. A raina Tsoho Mai Keke nake kiransa. Ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa, don ni ba zan iya wuce dattijo ban gaishe shi ba, ko da a ƙasar da ba a gaisuwa. Sau ɗaya na ba shi ƙuli-ƙuli, ya kusa barin haƙorinsa a ciki. Ranar ya jawo kujera ya leƙa wayar.

"Mene ne waɗannan a bango?"

Na fara ba shi amsa a gajarce, cikin jin kunya. Ya ci gaba da tambaya. Wa ke yanke hukunci in baƙo ya yi rigima da ɗan gari? In ɗan gida ya yi ha'inci fa? Na ce sai a aika wa mai masaukin garinsu, can za a zaunar da shi, kuma kafin ya dawo duk zaurukan hanya sun ji. Zaure nawa ne a hanyar? A ƙasa nawa? Kafin in farga shayina ya huce, na yi kusan awa ina zuba, ni da aka ce ba ni da baki.

Ya ɗaga kai daga wayar ya ce, "Ina cikin masu cewa ruwa zai malala. Na rubuta littafi guda a kai. Sai gwamnatoci suka taka burki, abin da na ce zai faru ya ƙi faruwa. Wata ɗalibata ta miƙe a gaban jama'a ta ce littafina ya mutu. Na yi shekara ban amsa gaisuwarta ba."

"Subhanallahi. Ɗalibarka?"

"Anneke ce." Ya yi dariya har yana tari. "Haka fannin nan yake girma, yarinya. Wani ya gina ɗaki, duniya ta ƙi shiga ɗakin, ɗalibi ya zo ya fasa bango ya ƙara wani. A nan ba a girmama malami da to. Da musu ake girmama shi."

Ya yagi takarda ya rubuta mini sunayen masana daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka waɗanda suka daɗe suna cewa haɗin kai ba a ofis kaɗai yake ba, yana kasuwa, yana tasha, yana kan burtali. Ashe ba ni ce farau ba, akwai layi, ni ce dai ban san inda ake shigarsa ba. Na ji haushin kaina, na kuma ji daɗi. Na watsar da mudun Turai na zauna na rubuta zauren Baba.

Ranar kwamiti, Farfesa Anneke tana gefe, a tsakiya kuwa wani mai gemu ne da aka gayyato daga wata jami'a. Shi ya fara.

"Ina yarjejeniyar? Ina ofishin?"

Na haska hoton a allo na ce ga ofishin, ga kuma sa hannun 'yan ƙasa uku a jikin bango. Na yi bayanin shekara uku, da aike, da hukunci. Ya saurara yana shafa gemu.

"Da bakinki kika ce baƙin sun daina zuwa. Iyaka a rufe, daji ba ya biyuwa. Wannan abu ya mutu. Sashen tarihi ya kamata ki kai shi."

Kalmar to ta zo har kan harshena. Na ji ta, na haɗiye ta da ƙyar kamar ƙwayar magani.

"Ban yarda ba, Farfesa." Na ɗaga kai na dube shi. "Yarjejeniyar shugabanni ce ta yage. Baba bai sauke tabarma ko ɗaya ba."

Na hango Farfesa Anneke ta sunkuyar da kai tana murmushi. Mai gemu kuwa bai yi murmushi ba.

"Taurin kan tsoho ɗaya ba hujja ba ne."

Na ji zafin maganar, musamman da yake ni ma na taɓa raya ta a zuciyata. Suka fitar da ni suka yi shawara. Hukuncin shi ne in je gida wata uku. In na kawo shaidar cewa har yanzu mutane masu rai suna tsallake iyaka bisa wannan amana, in ci gaba. In ban kawo ba, shi ke nan.

Zangon ƙarshe shi ne hanyar da na fi sani, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Daga Kaduna muka taso da safe cikin ayari, motar soja a gaba, wata a baya. Ba mai magana a motarmu sai salati. Muka wuce ƙonannun motoci, muka wuce ƙauyukan da ciyawa ta cinye masallatansu. Amma na ga wasu gonakin an sake yi musu huɗa, na ga wata mata tana suyar ƙosai a bakin titi inda aka ce bara ko tsuntsu ba ya tsayawa.

Bayan la'asar muka isa. Na yi sallama a zaure ba kowa. Kafin in ajiye jaka idona ya tafi bango, don tun ina yarinya na san tabarmar kowa. Ƙusa ta uku daga ƙofa babu komai a jikinta.

Ta Baba Illa ce, mutumin Ƙonni, wanda yake kawo mini cuku da dabino tun ban fara makaranta ba. Ya tsufa tun kafin in tafi. Na zauna a kan jaka ina salati. Ba zan ɓoye ba, a cikin kukan har da na kaina, don na ga tabarmin za su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, mai gemu ya yi gaskiya.

A haka Baba ya shigo ya same ni.

"Uwata, daga zuwa sai kuka? Wa ya mutu?"

Na nuna ƙusar. Ya dube ta, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Duk karatun nan rabin doka kika riƙe? Leƙa gindin darbejiya."

Na leƙa. Ga Baba Illa kwance a kan tabarmarsa, ya rufe fuska da rawani yana minshari, ƙafafunsa duk faso. Kusa da shi wani magidanci yana zaune yana dafa shayi. Baba ya ce shekaranjiya suka iso, kwana tara suna hanya a kan babura, daga wannan zaure a miƙa su wancan. Hayaniyata ta tashe shi. Ya yaye rawani ya ƙura mini ido.

"Ɗiyar mai gida! Ke ce kinka girma haka?"

"Baba Illa, ba an rufe iyaka ba?"

"Su sunka ruhe tasu. Mu wa ya tambaye mu?" Ya nuna magidancin. "Wanga Mamman ne, babban ɗana. Ni ƙahwa ta gaza. Na kawo shi a hwara ƙirga mashi shekara."

Na ciro na'urar ɗaukar magana cikin gaggawa, har sau biyu ina danna inda ba shi ba. Cikin wata ukun nan na bi zaure bakwai da ita, ina tafe da sunan Baba a bakina, ba inda aka bar ni na kwana da yunwa.

Kwamiti ya amince. Mai gemu ya rubuta shafi uku na gyara, ya kuma ce har yanzu bai yarda a kira abin haɗin kan siyasa ba, zai ba ni amsa a rubuce. Farfesa Anneke ta ce in yi murna, wanda aka raina ba a ba shi amsa. Yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma duk wanda ya ce mini to sau uku a jere sai in ajiye biro in dube shi.

Ranar da na kammala, Baba ya sake yi mini tambayarsa ta farko. Na ba shi labarin Tsoho Mai Keke tun daga ƙuli-ƙuli. Ya ƙirga da yatsu, ya ga shekara uku ta cika har da ɗoriya. Ran kasuwa ya sayo tabarma ya buga sabuwar ƙusa kusa da ta Baba Illa.

Tsohon ya haura tamanin, bai taɓa taka Najeriya ba, ya ma daina hawa keken. Duk lokacin da na kira gida ba na tambaya, amma kafin mu yi sallama sai Baba ya ce, "Uwata, ta mai masaukinki tana nan a bango."